Yadda nake dafa giya mai hazo a gida, da yadda nake hana iska taɓa ta

Giyar farko mai hazo da na dafa a ɗan kicin ɗina nan kusa da Manchesta, ranar da zan ɗura ta a kwalba kalarta kamar ruwan mangwaro, ƙamshinta ya cika gidan har matata ta leƙo daga falo tana tambaya ko abarba na yanka. Sati uku bayan nan na buɗe kwalba ɗaya na tsiyaya a kofi sai ga abu ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayin da ya kwana, ƙamshin nan duk ya gudu, abinda ya rage wani zaƙi-zaƙi ne mara daɗi da warin jiƙaƙƙen kwali. Kwalba 38 haka na zubar a sink. Ya min ciwo sosai don hops ɗin da na zuba, wato furen wata shuka da yake ba giya ɗaci da ƙamshi, ba ƙaramin kuɗi bane, kuma na tsaftace komai yadda ya kamata, ba ƙwayar cuta bace ta shiga. Ruwa baya tsami banza, iska ce ta kashe ta, kuma da hannuna na bata hanya lokacin da nake juyewa daga bokiti zuwa bokiti.

Kafin in yi nisa, na san yawancin masu jin Hausa 'yan uwa Musulmi ne kuma giya haram ce a wurinsu, ina girmama wannan, ba wanda nake kira zuwa ga sha. Da 'yan uwana nake waɗanda dama suna sha kuma suna zaune inda doka ta yarda, irin nan Ingila da aka cire maganar lasisin dafa giyar gida tun 1963, ko Amurka da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarda da hakan a 1978. Ka dafa ka sha da iyalinka manya da abokai, sayarwa kuma sai da lasisi. Wanda yake jihar da doka ta hana kada ma ya fara.

Ita wannan giyar asalinta Vermont ne a arewa maso gabashin Amurka, wani mai suna John Kimmich a gidan giyarsa The Alchemist shine ya yi suna da Heady Topper, giya ce da ba a tacewa, a dagule take, a jikin gwangwanin ma an rubuta a sha daga gwangwani. Daga baya su Tree House da Trillium a Massachusetts suka ɗauka, har a 2018 ƙungiyar Brewers Association ta ware mata rukuninta daban. Heady Topper ƙarfinta kashi 8 ne, ni kuma wadda nake dafawa kusan kashi 5 ce, mai sauƙi, wadda mutum zai sha kofi ɗaya da abinci ya tashi da hankalinsa. Abinda ake nema a cikinta abu uku ne, ƙamshin 'ya'yan itace daga hops, laushi a baki kamar kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, da ɗaci kaɗan wanda baya kartar maƙogwaro. Hazon nan da ake gani ba shine ake nema ba, yana zuwa ne da kansa idan furotin na alkama da ots ya haɗu da sinadaran ganyen hops.

Kayan da nake sawa don in samu lita 19 a ƙarshe: tsiron sha'ir mai haske kilo 3.7 (ni Golden Promise nake so, Maris Otter ma yana yi), ots irin na kwaka ɗinnan da ake damawa da safe giram 700, tsiron alkama giram 500, sai buntun shinkafa kamar hannu biyu. Kada ka raina buntun nan, ots da alkama suna yauƙi, idan babu buntu jiƙon, wato hatsin da aka jiƙa a ruwan zafi, zai toshe ka tsaya awa guda ruwa na ɗiga kamar hawaye. Kalmar tsiro kuwa ba ni na ƙirƙira ba, haka kakata take kiran dawar da ta jiƙa ta baza a ƙasa ta rufe da ganye har ta fito da gemu, kafin a shanya a niƙa a yi burkutu, aikin ɗaya ne, hatsin ne ya bambanta.

Ruwa ma sai an duba shi. Namu na Manchesta daga yankin tafkuna na arewa yake zuwa, ba shi da gishiri-gishiri sosai, don haka da sauƙin gyara, a lita 30 ina narka calcium chloride giram 8 da gypsum giram 3, manufar dai chloride ya ninka sulfate wajen sau biyu, shine yake kawo laushin nan. Sai rabin ƙwayar Campden don kashe kulorin, in ba haka ba giyar zata riƙa warin asibiti. Mutanen Landan ruwansu mai nauyi ne, su sai sun haɗa da ruwan RO (wanda na'ura ta tace masa gishiri-gishirin) ko su sa ɗan asid. Idan kana da abin auna pH (ma'aunin asid) ka nemi jiƙon ya tsaya tsakanin 5.2 da 5.4.

Jiƙo a digiri 67 na awa ɗaya, ka tace, ka ɗauraye dusar, ka tafasa ruwan zaƙin minti 60. A farkon tafasa giram 10 kacal na hops mai ɗaci irin Magnum nake sawa, wasu ma basa sa ko ɗaya. Babban zubi sai bayan an kashe wuta, ka sauke zafin zuwa digiri 78 ko 80 sannan ka zuba giram 100, ni rabi Citra rabi Mosaic nake yi, ka juya da muciya mai tsafta ka rufe minti 20. Dalilin jira zafin ya sauka shine man ƙamshin hops baya jure tafasa, tururi ne yake kwashe shi, kuma a wannan zafin ɗaci baya fita sosai. Citra da Mosaic duk daga kwarin Yakima na jihar Washinton suke, in ka samu Galaxy na Ostireliya ko Nelson Sauvin na New Zealand suma suna yi, amma a karon farko ka tsaya a iri biyu don hancinka ya koyi bambancewa. Ka duba shekarar girbi a jikin leda, in ka buɗe ka murza ƙwayar a tafin hannu (kamar abincin kaji take, kore shar) ka ji warin tsohuwar safa to ta mutu, kada ka sa. Ragowar kuma a matse iska a ɗaure a jefa firiza. Kuma mai kare a gida ya kula, hops guba ne ga kare, har wanda aka riga aka dafa, kada a zubar inda zai kai baki.

Ka sanyaya zuwa digiri 18, awon haidiromita (abin auna yawan sukarin da ke cikin ruwan) zai nuna wajen 1.049. To a nan ne kaɗai iska take da amfani, a nan kaɗai. Yis, wato ƙwayoyin da suke cin sukari su mai da shi giya, yana buƙatar oksijin a farkon rayuwarsa don ya gina jikinsa ya hayayyafa, saboda haka ka girgiza ruwan zaƙin ya yi kumfa kafin ka zuba yis, cikin 'yan awoyi zai cinye iskar tas. In busasshen yis ne irin Verdant IPA na Lallemand ko S-04 ma ba dole sai ka girgiza ba. Mai ruwa kuma London Ale III, lamba 1318 na Wyeast, shine kusan kowa yake amfani da shi. Wanda yake wuri mai zafi ba firij, akwai yis ɗin kveik na manoman Norwe, irin Voss, yana aiki lafiya lau a digiri 35, kuma ɗanɗanon lemu yake bayarwa wanda ya dace da wannan giyar. Daga lokacin da ka ga kumfa ta taso a randa, shikenan an rufe ƙofa, giyar nan kada ta sake ganin iskar duniya sai a cikin kofi.

Bari in faɗi dalili don idan mutum ya gane dalili ba sai an yi ta jan kunnensa ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ne. Kamfanonin da suka san aikinsu suna ƙoƙarin oksijin da zai shiga gwangwani kada ya wuce 50 a cikin biliyan, biliyan fa ba miliyan ba. Kowace giya iska tana tsufar da ita, amma wannan ta fi kowacce rauni, saboda duk darajarta a man ƙamshi take wanda shine farkon lalacewa, ga tarin sinadaran ganye da suke rinewa in sun haɗu da oksijin kamar yadda yankakken dankali ko goro yake canja kala a iska, ga kuma ɗan ƙarfe-ƙarfe irin manganis da ots da hops suke kawowa wanda yake hanzarta abin. Shi yasa baƙar giya zata yi wata shida a kwalba tana ƙara daɗi, ita kuwa wannan sati biyu ya isa ta mutu. Alamar farko ba kala bace, ƙamshi ne yake dusashewa, sai kalar ta bi baya daga ruwan ɗorawa mai haske zuwa ruwan toka-toka, wani lokaci har da ɗan shuni-shuni.

Sai daga baya na gane abinda kakata ta sani ba tare da ta taɓa jin kalmar oksijin ba. Burkutu ana shansa ne yana kan tafasa da kansa a randa, yis na aiki, kumfa na tashi, ranar da ya nuna ranar ake shanyewa, in ya kwana biyu ya zama tsami ba mai so. Ita bata ajiya, don haka bata da wannan matsalar. Mu ne muke so mu ajiye wata guda, to dole mu biya kuɗin ajiyar da kulawa.

Akwai wata magana da take yawo wadda ta cuci mutane da yawa har da ni, wai CO2, gas ɗin da yis yake fitarwa, ta fi iska nauyi don haka tana kwanciya a kan giya kamar bargo, kana iya buɗe murfi ba komai. Ba gaskiya bane. Gas da gas cakuɗuwa suke, kana ɗaga murfi motsin hannunka kawai ya isa ya tura iska ciki. Lokacin da yis yake kan ganiyarsa ne kawai buɗewa bata da haɗari sosai, don gas yana fita da ƙarfi kuma yis zai cinye ɗan abinda ya shiga. In ya gama aiki ba mai tsaron gida.

Wannan ya kawo mu zubin ɗanye, wato hops ɗin da ake sawa a randa ba tare da ya ga wuta ba, shine rabin ƙamshin giyar kuma shine ƙofar da iska ta fi shigowa. Giram 150 nake sawa, kusan giram 8 a kowace lita kenan, na gwada fiye da haka ban ga ribar ba sai ƙarin ɗanɗanon ciyawa da wani zafi-zafi a maƙogwaro, ga asarar giya don ganyen yana shanye ruwa. Dabarar da ta canja min komai ita ce ta maganaɗisu. Tun ranar dafuwa nake zuba hops ɗin a jakar raga mai faɗi wadda na tafasa, in sa maganaɗisu mai rufin roba irin na abinci a ciki, in manna jakar a ƙarƙashin murfin randa daga ciki, wani maganaɗisun yana riƙe da ita daga waje. Tana rataye a sama cikin gas ɗin da yis yake fitarwa, bata taɓa ruwa ba. Ranar da lokaci ya yi sai kawai in zare na wajen, ka ji tsulum, ta faɗa, ban buɗe komai ba. Abu biyu zaka kiyaye, jakar ta zama sakwa-sakwa don hops yana kumbura sosai in ya jiƙe, in ta matse tsakiyar zai fito a bushe, sannan randar ta zama da sarari a sama don 1318 da Verdant kumfarsu tana hawa, in ta kai jakar ta jiƙa ta nauyi zai ja ta ƙasa kafin lokaci. Randa mai lita 30 ga giya lita 21 ya yi daidai.

Yaushe ake sakin jakar? Ni sai awo ya sauko wajen 1.018, yawanci rana ta huɗu ko ta biyar in ana riƙe da digiri 19, lokacin yis yana da sauran ƙarfi. Awon kuma ta famfon ƙasa nake ɗiba, kuma ɗiban ma yana jawo iska ta sama in gas ya daina fita, don haka kada ka mai da shi abin yi kullum, sau uku a duk tsawon aikin ya isa. Bayan zubin ka ɗaga zafi zuwa 21 ka bari kwana uku. Dalilin shine hops yana ɗauke da wasu sinadarai da suke farfasa sukarin da yis ya kasa ci, sai yis ya farka ya sake aiki a hankali, in ka yi gaggawar sanyayawa zaka samu ɗanɗanon man shanu a giyar, in kuma a kwalba ne gas zai yi ta ƙaruwa har kwalba ta fashe. Sai awo ya tsaya cak kwana biyu a jere, wajen 1.012, sannan ka matsa gaba.

Sanyayawa ita ce tarko na biyu kuma mutane basa ganinta don ba abinda suka buɗe. Kana sa randa a firij ta sauka daga 21 zuwa digiri 2 ko 3 don ganye da yis su kwanta, to gas ɗin da ke sama yana tsukewa, giyar ma in ta yi sanyi tana shanye wani, sai randar ta ja numfashi ta cikin makullin iska na murfi, ɗan bututun nan mai ruwa da gas yake fita ta cikinsa, ta zuƙo iskar firij har da ruwan da ke cikin makullin. Na taɓa tsayawa gaban firij ina kallon kumfa na tafiya baya-baya a ciki, kowace ɗaya iska ce take shiga. Maganinsa mai arha shine balan-balan mai ƙyalli irin na bikin ranar haihuwa, ka haɗa shi da tiyo a bakin murfi tun yis yana kan aiki ya cika da gas ɗin giyar, in aka zo sanyayawa abinda randa zata zuƙa kenan. In kana da silindar CO2 kuma sai ka haɗa ta a matsi kaɗan. Wanda ya fi duka shine randar da take jure matsi, irin FermZilla, ko ma ka tsima giyar a cikin keg (tulun ƙarfe mai jure matsi) kai tsaye, ka sa bawul mai sakin gas in ya wuce psi 10 ko 12 (psi ma'aunin matsi ne), kwanakin ƙarshe ka bar matsin ya taru, in an sanyaya matsin ne zai ragu kawai ba abinda zai shigo. Amma don Allah kada a sa matsi a bokitin roba na yau da kullum ko tulun gilashi, ba don haka aka yi su ba.

Gaskiyar da zan faɗa ko ba daɗi, in kana so ka riƙa dafa irin wannan giyar a kai a kai, kuɗin da zaka kashe a hops masu tsada gara ka fara tara shi ka sayi keg da silindar CO2 da regileta mai daidaita matsi. Keg ɗin da muke amfani da su tsofaffin na lemon kwalba ne, masu lita 19, da can kamfanonin Pepsi da Coca-Cola suke zuba ruwan lemo a ciki, ana samun na hannu, sai dai ka canja robobin bakin don ƙamshin lemon baya fita daga tsohuwar roba.

Korar iska daga keg hanya uku ce. Ta farko ka cika da gas zuwa psi 30 ka saki, ka sake, kowane zagaye yana rage oksijin zuwa kashi ɗaya cikin uku na abinda ya rage, ka lissafa da kanka, daga kashi 21 sau biyar bai kai ko'ina ba, sai ka yi sau goma ko fiye, kuma gas mai yawa zai tafi. Ta biyu ita nake yi, ka cika keg ɗin maƙil da ruwan Star San mai kashe ƙwayoyin cuta (mil 1.5 a kowace lita) har ya tumbatsa ta baki, ka rufe, ka ɗan karkata shi ka ja zoben bawul don ɗan kumfar da ta maƙale a sama ta fita, sannan ka tura ruwan waje da CO2 zuwa wani keg ko bokiti. Inda ruwa ya bari gas ne zalla ya maye, iska bata da wurin zama tun farko. Ta uku kyauta ce, ka haɗa tiyo daga murfin randa zuwa bakin ruwa na keg, bakin gas kuma ka sa tiyo ya nutse a kwalbar ruwa, giya lita 20 mai wannan ƙarfin tana fitar da gas kusan lita 400 a tsawon tsimuwarta, duk ya bi ta cikin keg ɗin ya wanke shi. Ina haɗa ta biyu da ta uku in na samu lokaci.

Ranar juyewa kada murfin keg ya buɗu ko sau ɗaya. Tiyo ɗaya daga famfon randa zuwa bakin ruwa na keg, wato wanda bututunsa ya kai ƙasa, giya ta cika daga ƙasa zuwa sama ba fantsama. Gas ɗin da ke fita daga keg kuma ka mayar da shi saman randa da wani tiyon, randa a kan tebur keg a ƙasa, sai su yi musanya, giya na sauka gas na hawa. Abinda ake mantawa shine tiyon kansa cike yake da iska, kafin ka haɗa ka danna shi a keg mai matsi gas ya busa ta ciki, ko ka bar giyar farko ta zuba a kofi har tiyon ya cika. Kofin farkon nan dama ganye ne da laka, gara ya fita don kada ya toshe maka bakin keg. Ka ɗora keg a kan sikeli don ka san inda aka kai tunda baka gani, ko ka shafa jikinsa, inda sanyi da raɓa suka tsaya nan giyar take. In ya cika ka sa psi 30 ka saki sau uku huɗu don ɗan sararin sama, sannan ka bar shi a psi 12 cikin firij a digiri 4. Kuma a kula da CO2 a ɗaki rufaffe, ba ta da wari, wanda yake amfani da firiza mai buɗewa ta sama kada ya cusa kansa ciki, gas yana taruwa a ƙasan, numfashi ɗaya zai iya juyar da kai.

To wanda bashi da keg fa, kada ya karaya, ana iya yi da kwalba, sai dai a rage buri a kuma canja hanya. Ka manta da bokitin ɗuri na biyu, shine ya kashe min ta farko. Kai tsaye daga famfon randa da sandar ɗuri wadda take kaiwa gindin kwalba. Sukari a kowace kwalba daban, giram 2.5 ga mai rabin lita, ka auna da ƙaramin sikeli kada ka yi da ido. Ka cika har saura kamar santimita ɗaya a baki, ba irin sararin yatsa biyu da aka saba ba, don iskar wuyan kwalbar nan ita ce mafi yawan abinda yake ɓata ta, yis baya iya cinye ta duka kafin ta yi ɓarna, kuma ka rufe kowace kwalba nan take kada ka jera goma a buɗe. Wanda ya fi min ma kwalbar roba ce mai ruwan ƙasa wadda aka yi don giya, ka cika, ka matse ta a hankali har giya ta kawo baki, ka ɗaure murfi tana matse, in gas ya taru zata koma daidai da kanta, kuma taurinta zai gaya maka ta nuna. Sati ɗaya zuwa kwana goma a digiri 21, tana yin tauri duk ka kwashe zuwa firij, sanyi yana rage saurin lalacewa sosai. Ka nisanta ta da hasken rana ma, yana sa ta wari cikin mintoci. Kuma ka dafa kaɗan, lita 10 da zata ƙare a sati uku ta fi lita 20 da rabinta zai mutu a kwali.

Wasu suna ƙara bitamin C na gari, giram 3 zuwa 4 a jiƙo, wasu kuma ɗan metabisulfite kamar giram 0.2 a keg. Na gwada duka biyun, suna taimakawa, amma taimako ne ga wanda ya riga ya toshe ƙofofin, ba zasu ceci giyar da aka fantsama a bokiti ba. Kuma sulfite yana tayar wa wasu masu asma, in ka sa ka gaya wa wanda zaka ba.

In ka buɗe keg kwana biyu bayan ɗuri ka ji tana kartar wuya kamar ka haɗiyi ɗanyar citta, kada ka tsorata, ƙurar hops ce bata gama kwanciya ba, ka bata sati ɗaya a sanyi. A wurina daga kwana 7 zuwa sati huɗu ne take kan ganiyarta, wadda na yi wa juyewa a rufe kuma na sha ta a sati na takwas kalarta bata motsa ba, ƙamshin ne ya ɗan ja baya.

Duk wanda nake koya wa ina sa shi gwaji ɗaya a dafuwarsa ta farko. Ka ware kwalba biyu masu haske, ɗaya ka cika ta har baki ka rufe, ɗayar ka zuba rabi ka rufe ka girgiza, ka sa su cikin kabad mai duhu kwana bakwai. Ranar ta bakwai ka tsiyaya su a kofi biyu iri ɗaya ka ajiye a kan farar takarda kusa da taga, ka fara shinshina ta rabin kafin cikakkiyar, sannan ka ɗanɗana ta rabin ka riƙe a baki ka haddace wannan ɗanɗanon, don nan gaba in ya fara ɓullowa a keg ɗinka tun yana kaɗan zaka gane shi, sai ka bi layi ka duba robar murfi, ka duba tiyo, ka fesa ruwan Star San a kowace mahaɗa ka ga inda kumfa zata taso.